Ni Ce Mai Duba Man Jirgin Kaftin

Assalamu alaikum masu bibiya, har da ku masu karantawa a ɓoye ba ku taɓa cewa uffan ba, ina ganinku. Ke kuma da kika rubuto kina cewa ƙarya nake, wai ba saurayin da zai zo zance da jirgin sama a ƙauye, 'yar uwa hau motar Tsanyawa, ki sauka kafin a shiga gari, ki tambayi gidan Malam Lawan mai albasa. Ko akuyar unguwarmu ta san zancen.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Zuliha. Makaranta a ƙaramar sakandare na bar ta lokacin da Inna ta kwanta ciwo. Sauran karatuna a takardar ƙosai na yi shi, da wayar nan tawa mai fasasshen gilashi. Samari sun zo, sun tafi. Ni ban taɓa korar kowa ba, tambaya kawai nake yi. Wani ya ce min shi babban ɗan kwangila ne, na ce me ya gina, ya ce ana kan magana. Na ce Allah Ya sa a gama maganar lafiya. Bai dawo ba.

Da ni kaɗai ce da ba damuwa. To ƙanwata Huseina tana da nata tsayayye, Baba kuma ya rantse ba zai aurar da ƙanwa ya bar yaya a ɗaki ba. Shi ya sa kullum Huseina take kallona kamar na zauna mata a kan zane.

Ana haka Khalilu ya ɓullo. Gyaran janareta da injin ban ruwa yake yi a kasuwar Ɗambatta, amma kar ki kuskura ki ce masa bakanike. Kaftin yake. A hoton wayarsa ma da hular matuƙa jirgi yake, wadda ya tsinto a gwanjo, ni kuma na fi zaton ta masu gadin banki ce. Ranar farko na yi masa tambayata.

"Kaftin na wane jirgi?"

Na ɗauka shi ke nan, na huta. Washegari sai ga shi da jirgi ɗaure a bayan mashin.

Jama'a, jirgi ne. Tsawonsa ya kusa tabarmar sallah. Jikinsa farin soson nan ne da ake sako wa sabon firiji a kwali, tayoyinsa na keken yara, injinsa na yankan ciyawa, farfelarsa shi ya fafe ta da hannunsa. Da rimot ake tuƙa shi daga ƙasa. A gefensa ya rubuta NA DOGARA GA ALLAH kamar motar itace. Tunda nake tambayar samari, shi ne mutum na farko da ya kawo amsa.

Ni dai ban ce ina son sa ba. Ku shaida.

Labari ya kai wa Baba. Ku san wani abu game da Baba: tunda mai ya yi tashin nan, injin ban ruwansa yake kwance a gindin rumbu an lulluɓe shi da buhu kamar mara lafiya. Albasar rani bai yi ba. Kasuwar Tsanyawa da yake zuwa a mashin, yanzu a keke yake zuwa, ya dawo yana dafe da ƙugu. Irin wannan mutumin aka je aka gaya wa saurayin 'yarsa yana kai fetur sama.

Ya kira ni tsakar gida, Inna tana gefe tana tsince wake.

"Zuliha."

"Na'am Baba."

"Yaron nan, fetur yake zuba wa abin?"

"E, Baba."

"Ya tashi sama."

"E."

"Ya ɗauki wa?"

"Ba ya ɗaukar kowa."

"Ya kai me?"

"Ba ya kai komai."

"Ya je ina?"

"Zagayawa yake ya dawo."

Baba ya juya ya daɗe yana kallon injinsa na gindin rumbu. Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Ƙato da gemu yana wasan yara. Ni fa tun farko ban ga miji a nan ba."

Baba ya ce, "Yaron ya ce wa Baffanki wai nan gaba da jirgin nan za a riƙa feshin gona da korar tsuntsu. To ya zo ranar Asabar bayan la'asar, ya tashe shi a gabana. In ya sauke shi lafiya, na yarda yana iya riƙe abu, ya turo manyansa. In ya kayar, kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan. Ba zan ba wa mai kayar da abu 'yata ba."

Na ce, "To Baba," na tashi na ci gaba da wanke-wanke. Kwano ɗaya na yi ta wankewa har Huseina ta zo ta ƙwace.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo.

*Kaftin: Slm my co-pilot. Akwai emergency.*

*Ni: Wa'alaikas salam. Wa ya rasu?*

*Kaftin: Ba rasuwa ba. Fuel monitoring.*

*Ni: Da Hausa.*

*Kaftin: Duba mai.*

Ashe jirgin nan in ya tashi, shi da yake ƙasa ba shi da hanyar sanin man da ya rage a ciki. In mai ya ƙare a sama inji ya mutu, sai abin da Allah Ya yi. Ya ce akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa tanki ta riƙa turo wa rimot labari, amma daga waje ake kawo ta, dala kuwa kun san inda take.

*Ni: To ka sa agogo mana. Ka san iya lokacin da yake ɗauka.*

*Kaftin: Na gwada. Man bumburutu ba ya bin agogo. Na wani galan ya daɗe, na wani kafin ki ce me ya ƙone. Kowa da abin da yake surka masa.*

*Ni: To?*

*Kaftin: Na yi innovation.*

Abin da ya ƙirƙiro shi ne ya cire tankin daga ciki, ya ɗaura robar lemo mai garai-garai a ƙarƙashin cikin jirgin. Man yana haɗa shi da wani jan mai na inji, don haka ana ganinsa ja. Ya ja layi a tsakiyar robar, ya ja wani a can ƙasa da jan farce. In mai ya kai layin ƙasa, dole a sauka. Saura mai kallo. Wai ni zan hau soron Inna da madubin hangen nesa da ya aro a wurin 'yan sintiri, shi kuma duk zagaye zai biyo da jirgin ta kaina ƙasa-ƙasa, in leƙa robar. In ya kai rabi in yi masa filashin ɗaya. In ya kai ja in yi ta kira. Wayar tana aljihunsa, ba ƙara, kaɗawa kawai za ta yi ya ji a jikinsa.

*Kaftin: Muƙaminki Chief Fuel Officer.*

*Ni: Wato mai leƙen roba.*

*Kaftin: A aviation ba haka ake cewa ba.*

Na ajiye wayar na zauna. Ku duba lamarin da kyau. Baba yana ganin shi ya yanke hukunci, Khalilu yana ganin a babban yatsansa abin yake, alhali duk a hannuna suka zuba shi. In na so na kira. In ban so ba na yi shiru, jirgi ya faɗo, na koma zamana lafiya, ba mai cewa na kori kowa. Ban taɓa samun hanyar rabuwa da saurayi mai tsabta irin wannan ba.

Ranar Asabar ban yi kwalliya ba. Atamfata mai ruwan ganye ce kawai ta zo hannuna, wadda aka yi wa ɗinkin riga da siket da sallah. Kwalli kuma don rana, an ce yana taimaka wa ido. Turaren ma kwalbar ce ta karkace. Huseina ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Yaya, shanyar kuɓewa za ki hau yi da janbaki?"

"Leɓena ne ya bushe."

"Allah Ya ba leɓe lafiya. Ni dai in kika bari abin nan ya faɗo, wallahi a ɗakinki zan tare."

Na ɗauki faifan kuɓewa don kada a ce me mace take yi a kan soro, na ɓoye madubin a mayafi, na hau tsani. Madubin ido ɗaya ne yake aiki, ɗayan duhu. Daga sama komai a tafin hannu yake: gonakinmu an yi girbi, ƙanana-ƙanana manne da juna, kowacce da gambar iyakarta, kowacce na san mai ita har kakansa. A ƙofar gida ga masussuka an share ta fes, ita ce titin jirgi. A gindin dalbejiya an shimfiɗa tabarmi. Baba yana zaune, ga yayansa Baffa Ɗanladi, ga Mai Unguwa. Yara da matasa kuwa har kan katangu.

Sai ga Kaftin. Babbar riga ta shadda ruwan toka, ta aro ce, don ta fi shi da mutum ɗaya. A kansa hular nan. Baba ya kalli hular sau ɗaya, Khalilu ya cire ta ya cusa a ƙarƙashin sirdin mashin, ya zaro hula zanna ya kafa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna ya kwashi gaisuwa. Da ya tashi haɗa kaya hannun rigar ya yi ta shiga farfela, sai ya tuɓe ta ya rataye a reshen dalbejiya, ya rage daga shi sai 'yar ciki.

Ya zuba mai. Na ga Baba ya runtse ido kamar ana yi masa allura. Khalilu ya ja igiya, inji ya ɗauka, ƙara ta cika unguwa, kaji suka watse.

Daidai nan Liman ya iso.

Kun san ba yadda za a yi saurayi yana neman aure Liman ya zo ya ce masa ya dakata jirgi zai tashi. Khalilu ya ajiye rimot ya zube.

"Allah gafarta Malam, barka da yamma."

"Barka kadai. Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen Ɗambatta?"

"Lafiya lau."

"Ya mahaifin naka da ƙafa?"

"Da sauƙi."

"Ya muka ji da wannan tsada?"

"Sai godiya."

Inji yana ta kuka, ni ina kallon roba. Jirgi bai matsa ko taku ba, mai ya fara sauka. Liman ya gyara zama ya ce ai tafiya ce, ba a tafiya ba addu'a. Aka ɗaga hannu. Liman namu in ya kama addu'a sai ya bi ta kan kowa, har shugabanni da matafiya na ruwa da na tudu. Aka shafa. Na duba, wuyan robar ya zama fari.

Khalilu ya ɗauki rimot, yana tsugune.

Baba ya ce, "Tashi tsaye mana ka yi aikinka."

"A'a Baba, nan ma ya yi."

"Ka ga sama daga nan?"

"Ina gani, Baba."

Ya za a yi ya miƙe ƙerere a kan surukai suna zaune? Haka ya tuƙa, a tsugune, ba takalmi, wuya a karye don ladabi, idanu kaɗai ya juya sama kamar mai shirin suma.

Jirgi ya ruga a masussuka, ya yi tsalle, ya sake tsalle, ya tashi.

Zan faɗi gaskiya, don na yi muku alkawarin ba zan ɓoye komai ba. Ya yi kyau. Ya hau sama ya bi ta kan ɗorawar Baffa, rana ta daki fikafikansa, ya karkata a hankali kamar shirwa. Duk kazar da ke unguwar ta kwashe 'ya'yanta ta shige ƙarƙashin rumbu. Yara suna ihu, tsofaffi sun saki baki. Mutumin da yake kwana cikin baƙin man janareta ne ya haɗa wannan da soson firiji. Wani abu ya tsaya min a ƙirji. Na ce ƙila ɗanwaken rana ne.

Ya biyo ta kaina. Na kafa ido ɗaya. Mai ya kusa layin tsakiya. Na yi filashin.

A cikin madubi na ga babbar riga tana rawa ita kaɗai a reshen dalbejiya.

Wayar tana aljihun rigar.

Na ce inna lillahi. Na sake kira. Riga ta sake kaɗawa. Mai Unguwa ya waiga ya kalle ta, ya ɗan matsa gefe, ya ci gaba da kallon sama.

Sai na ji muryar Baffa Ɗanladi, shi dama ba ya magana a hankali.

"Kai yaro, bi min da shi ta kan gonata ta gabas. Maƙwabcina yana ci min iyaka."

"Baffa ai ba kyamara a jiki."

"Shi ya sani ne? Bi dai, ka yi ƙasa-ƙasa ya gani."

"To Baffa."

Jirgi ya tafi gabas ya yi wa gonar Baffa zagaye, Baffa ya ce a ƙara ɗaya don ya tabbata mutumin ya fito. Mai Unguwa ya gyara murya ya ce in dai an je ta Ɗanladi, ai bai kamata a tsallake ta hukuma ba. To ranka ya daɗe. Liman ya ce shi ba don kansa ba, amma waken da ya shanya a gona awaki sun dame shi, ko za a ɗan razana su. To Allah gafarta Malam. Wani tsoho da ban ma san wa ya gayyato shi ba ya ce tasa tana bayan ta Liman, hanya ɗaya ce. To Baba.

A rayuwata ban taɓa ganin mutum yana kashe kansa da "to" ba sai ranar.

Da ya samu ya biyo ta kaina, mai ya wuce tsakiya ya yi nisa. Abin da ya rage bai fi a jiƙa gari ba. Na kira, na kira, riga sai tiƙar rawa take. Na tura saƙo, *MAI MAI MAI*, ga rigar. Na cire mayafi na kaɗa. Ina! Mutumin da yake tsugune kusa da gwiwar Baba zai ɗaga ido ya kalli soron da 'yar Baba take? Ko wuta ce ta kama soron sai dai ya ji a gari.

Huseina ta leƙo daga tsakiyar tsani.

"Yaya ya ake ciki?"

"Ya kusa ja."

"To ki gaya masa!"

"Wayar tana bishiya."

"Ki yi magana da baki!"

"A gaban Baba? Da Baffa? Da Liman? In ce wa?"

Ku da kuke birni ba lallai ku gane ba. Tunda Khalilu ya fara zuwa ban taɓa kama sunansa a gidan nan ba. Mai jirgi nake cewa, ko wancan. In ya yi sallama ma yi nake kamar ban ji ba sai an faɗa min sau biyu. Budurwa ta tsaya a kan soro ta ƙwala wa saurayi kira gaban ubanta, wannan har jikokinta sai an ba su labari.

Na ce wa kaina, to Zuliha, ga abin da kike so ya zo har gida. Ba ruwanki. Kin kira, riga ce ba ta ɗauka ba. Zauna ki juya kuɓewarki.

Na zauna. Na juya kuɓewa ɗaya.

A nan ne Baba, wanda tun da jirgi ya tashi bai ce komai ba, ya yi magana. A hankali ya yi ta, amma na ji, don kowa ya yi tsit.

"Gonata ta bakin rafi, wadda ban samu na yi albasa ba bana. Yana iya kaiwa can?"

Gonar nan ita ce ƙarshen gonakin garinmu. Daga soro ma da ƙyar ake hango giginyar da take bakinta.

Na ga bayan Khalilu ya ɗan motsa. Ya san lokaci ya ja. Na tabbata yana jiran cinyarsa ta kaɗa ne, bai ji komai ba, ya ɗauka da saura. Ko da ya sani ma, Baba ne fa ya tambaya, kuma shi ne karo na farko da Baba ya nemi wani abu a wurinsa.

"Zai kai, Baba."

Jirgi ya juya hanci ya nufi rafi. Da zai wuce na ga robar sarai. Man yana kan jan farce.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Faifai ya kife, kuɓewa ta gangara ta indararo.

"KHALILU!"

Carbin Liman ya tsaya.

"Khalilu mai ya ƙare! Ya kai ja! Ka bar gonar Baba ka juyo, don girman Allah ka juyo!"

Duk wani kai da ke ƙofar gidan ya ɗago. Na katanga, na tabarma, har matan maƙwabta da ke leƙe ta zana. Ga ni tsaye a kan soro, ba mayafi, da janbaki, da madubin 'yan sintiri a wuya. Baffa ya ce, "La haula." Khalilu ya miƙe tsaye bai sani ba, ya kalle ni baki buɗe, a gaban Baba, yatsunsa kuma suka juyo da jirgi.

Ya taho. Ya wuce gonar Liman. Ya wuce ta Mai Unguwa. Daidai ɗorawar Baffa inji ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Jirgi ya taho a kan iska kawai, farfela a tsaye. Khalilu yana ta murza rimot yana salati. Ya saito masussuka, amma jirgin ya yi sama da yawa. Ya wuce ta kan tabarmi, dattawa suka kwanta, ya shafi kan katangarmu, ya faɗa cikin gida.

Maza ba su ga komai ba, katanga ta tare. Ni da nake sama na gani. Ya ɗauki igiyar shanya, ya yafa zanen Huseina, ya wuntsila, ya kafa hanci a ƙwaryar dawar da Inna take sheƙa. Fiffike ɗaya ya ɓalle ya faɗi gefen turmi.

Yara suka yo ƙofa, Baffa ya daka musu tsawa. Gidan aure ne, ba shiga. Khalilu ya zo bakin zaure ya tsaya cak, jirginsa yana ciki, shi ba hali. Na ga ya koma ya sake tsugunawa.

Na sauko. Inna tana tsaye, dawa har cikin ɗankwalinta. Ta kalli jirgi. Ta kalle ni, ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa tukunya in tana so ta san ko ta nuna. Sai ta sunkuya ta ɗauki fiffiken ta zura a cikin hijabinta.

"Huseina, tsayar da shi a kan tayoyinsa. Juya wancan gefen ya kalli bango. Kawo tsintsiya."

"Inna," na ce, "ke fa kika ce wasan yara ne."

"Har yanzu wasan yara ne. Sauka ya yi, kun ji ko?"

"Inna ƙarya fa kenan."

"Ni na ce ki yi ƙarya? Shiru na ce ki yi. Ko da yake yau gari ya shaida ba ki iya ba."

Huseina ta share dawa kamar ana biyanta. Kafin Baba ya yi gyaran murya a zaure, jirgi yana tsaye a gindin bango tsaf, kamar wanda ya zo gaisuwa.

Baba ya shigo hannu a baya. Ya kalli jirgi. Ya kalli igiyar shanya a ƙasa. Ya kalli Inna da ta harɗe hannu a kan hijabi, wani abu mai tsini ya tokaro ta kafaɗarta.

"Ya aka yi?"

Inna ta ce, "Ga shi nan kana gani a tsaye, Malam."

"Huseina?"

"Ni ina ɗaki, Baba. Na dai fito na gan shi lafiya lau. Lafiya ƙalau ma."

Baba ya juyo gare ni. Na durƙusa, na rasa mayafin da zan ja, na kafa ido a ƙasa.

"Ke kike sama. Ke kika ga komai. Muryarki ma na tabbata an ji ta a Tsanyawa. Sauka ya yi ko faɗuwa?"

Huseina tana bayan Baba tana haɗa hannu tana roƙona. Inna ta zare min ido. Kalma ɗaya ce, kowa ya huta. Amma ni tunda na yi wayo ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, kuma ban ga yadda zan shiga gidan miji a kan fiffiken da ke cikin hijabin Inna ba.

"Faɗuwa ya yi, Baba."

Huseina ta saki wani sauti kamar an taka kyanwa.

"Ya wuntsila, ya faɗa ƙwarya. Fiffike ɗaya ya karye, yana wurin Inna." Na ɗago kai. "Amma ni Khalilun nake so."

To, kun ji. Waɗanda na sa ku shaida, na sallame ku.

Wata kaza ta fito daga ƙarƙashin rumbu ta fara tsintar dawa. Baba ya miƙa hannu wajen Inna ba tare da ya kalle ta ba. Inna ta zaro fiffiken ta ba shi, tana cewa ita dama ajiye masa ta yi kada a taka.

Baba ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Ya danna soson da babban yatsa ya ga ya dawo. Ya kai hanci ya shinshina wajen karayar. Fuskarsa ba ta ce komai ba, irin fuskar da yake yi in ana taya albasarsa. Can waje ina jin Baffa yana ce wa Khalilu ai shi tun farko ya san ba za a kai rafi ba.

Baba ya saƙala fiffiken a hammata ya nufi zaure. Har ya ɗaga asabari, sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Zuliha."

"Na'am Baba."

"Wannan da me ake liƙa shi?"